Tumbuɗin yarona, da yadda na kusa yarda nonona ne ya ɓaci

Yau da sahe ina shanya zannuwa na lura guda huɗu ne kawai a kan igiya, sai na tsaya ina kallonsu, dan wata uku da sunka wuce igiyar nan ba ta isata, har kan katanga nake shanyawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan ko wata mai jego za ta gani hankalinta ya kwanta.

Ɗana na fari ne. Tumbuɗin ya fara tun shina wajen sati uku, ina gidanmu ana wankan jego, da farko ɗan kaɗan ne a gefen baki, amma kafin mu yi arba'in abin ya ƙaru, da ya sha ya ƙoshi na ɗora shi a kafaɗa sai in ji ɗumi ya gangaro mini baya har cikin zane, wani lokaci fari tas kamar yadda ya sha shi, wani lokaci ya yi gudaji kamar kindirmo da ɗan tsami, wani sa'in har ta hanci. Ta hancin nan ita ce ta fi tsorata ni wallahi, sai ya ɗan shaƙe ya buɗe ido ya yi ja, ni kuma jikina na rawa ina ta salati.

Da na koma ɗakina a unguwar Zariya nan Maradi sai shawara ta yi yawa. Kowa da nufin alheri ne, ban ce ba. Wata ta ce nonon ya yi ruwa, wata ta ce ya ɓaci a wanke shi, wata ta ce a ba yaron bauri, ga zafi ya shigo ana cewa yaro na jin ƙishi a ɗiga mishi ruwa. Wata tsohuwa ma ta leƙa bakinshi ta ce beli ne a kira wanzami. Uwar mijina ita ce kawai ta ce tumbuɗi ƙiba ne, yaro mai tumbuɗi shi ke girma, amma ita ma da ta ga yawan wankin sai ta fara cewa ko a gwada madarar gwangwani. Dare guda na zauna ina kuka a kan tabarma, kuran ya ɗauke, yaro na kafaɗata, ina tunanin ko ni ce ke cutar da shi da abin da nake ba shi.

Ranar awo munka tahi likita da karnenshi, wato ɗan littafin awonshi. Malamar da ke awon, babbar mace ce, ta ɗora shi kan sikeli ta duba layin da ke cikin karnen ta ce mini, ɗiyata dubi nan, kin ga shina hawa ko shina sauka? Shina hawa. Ta tambaye ni sau nawa yake jiƙa tsumma a yini, na ce ya fi shida, ta ce to yaron da ke fitsari haka kuma nauyinshi na ƙaruwa ba yunwa gare shi ba, ba ƙishi gare shi ba. Sannan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. A ƙarshen hanyar da abinci ke bi ya sauka ciki akwai wani nama kamar zobe mai rufewa, a jikin babba shina riƙewa gam, a jariri kuwa bai gama ƙwari ba, shina sakewa, ga cikin ɗan ƙarami, na ɗan wata ɗaya bai wuce girman ƙwan kaza ba sosai, ga abincinshi duka ruwa ne, ga shi kullum a kwance. To in ya cika ina za shi in ba sama ba. Ta ce abin kan fara kafin sati 8, ya kai ƙololuwa wajen wata 4, ya fara ja baya in yaro ya fara zama, kuma cikin yara 10 masu yin shi wajen 9 sun daina kafin su cika shekara.

Ta sa na zuba cokali ɗaya na ruwa a kan zane in ga faɗin da zai yi. Na yi a gida. Tabon ya kai tafin hannu biyu. Ashe abin da nake gani kamar duk nonon ne ya dawo, sau da yawa cokali ɗaya ne ko biyu.

Abin da na canza ba wani mai yawa ba ne. Ni nonona da ƙarfi yake zubowa, da ya kama sai ka ji shina haɗiya ƙut ƙut shina ƙwarewa, shina haɗiye iska, dan haka na koma jingina da bango in ɗan kishingiɗa baya in ɗora shi a kirjina, kanshi sama da cikinshi, in kuma nonon ya cika tam sai in ɗan tatse kaɗan kafin in ba shi. Na daina jira sai ya yi kukan yunwa sosai, dan in ya yi kuka ya gaji da haɗama yake sha, gara kaɗan kaɗan akai akai. Tsakiyar sha in tsaya in sa shi gyatsa. Bayan ya gama in riƙe shi a tsaye minti 20 zuwa 30, wannan ita ce mai wuya musamman ƙarfe uku na dare, nan ne babanshi ya taimaka, shi ke karɓa ya yi ta zagaye tsakar gida da shi. Goyo ma ya yi mini amfani tunda a tsaye yake, sai dai ban goya shi da ya gama sha nan take, kuma ban tamke majanyi ya matse mishi ciki. Na kuma hana a riƙa cilla shi sama ana mishi wasa bayan ya sha, kuma hayaƙin murhu da na taba na nisanta shi da su.

Maganar kwanciya ina so a ji ta da kyau, dan ni kaina na yi kuskuren nan. Ina kifa shi a kan cikinshi wai kar ya shaƙe da tumbuɗi, wani lokaci in tokare shi da matashi. Malamar ta hana ni. Jariri rigingine ake kwantar da shi, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ko da mai tumbuɗi ne, dan shina iya haɗiyewa ko ya yi tari ya fitar, kifawar ce ke da haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci.

Ruwa da bauri kuwa ban ba shi ba, kuma sai da na daure dan ba sauƙi ba ne ka ce a'a ga manya. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, ko a zafin watan Afrilu na Maradi ya ishe shi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa nono zalla har wata 6. Ruwan randa da saiwoyi zawo za su ƙara mishi a kan tumbuɗi. Wanzami kuwa ko ƙofar gida ban bari ya zo ba, belin ba ruwanshi da wannan, kuma yankan na iya kawo zubar jini da ƙwayoyin cuta.

Amma kar wata ta karanta wannan ta zauna gida da yaron da ba shi da lafiya. Tumbuɗi daban, amai daban. In abin ya fito kore ko rawaya ko da jini, in shina feso shi da ƙarfi ya yi nisa bayan kowane sha musamman tsakanin sati 2 da 8, in jikinshi ya yi zafi, ko maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, ko fitsari ya ragu, ko ya ƙi kama nono, ko sikeli ya tsaya, wannan ba na jiran ranar awo ba ne, a ɗauke shi a tahi likita a ranar. Haka in akwai jini a kashi ko ƙuraje da yawan kuka shina banƙarewa, wani yaron nonon shanu da uwa ke sha ne bai karɓe shi ba, likita kan iya cewa ta ajiye fura da nono na sati 2 zuwa 4 a gani, amma ba da kanki za ki yanke ba, kuma kar ki saya mishi siro a teburin mai magani na bakin kasuwa.

Yanzu shina wata bakwai, shina zama da kanshi, mun fara ɗan kunun gero mai kauri da ƙulli-ƙullin gyaɗa a ciki, nono kuma shina nan shina sha. Jiya sau ɗaya ya yi tumbuɗi, da la'asar, shi ma dan yayyenshi na maƙwabta sun sa shi dariya ne bayan ya ƙoshi.