Fam 480 a kan faifan jabu

Wata bakwai ke nan, amma har yau in na tuna wannan Asabar ɗin sai in ji abu ya tokare mini ƙirji. Fam 480 na ƙirga da hannuna na miƙa wa mutum, a wani zaure da ake haya don kasuwar tsofaffin faya-fayai a gefen Manchester. Na karɓi ɗan faifai mai inci bakwai, na sa a jaka kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Kuɗin tikitin zuwa gida Babbar Sallah ne nake tarawa. Faifan kuwa jabu ne. Abin da ya fi ci mini rai, shaidar tana nan a jikinsa, a rubuce, dab da inda na ɗora babban yatsana, ban duba ba.

Son faifai gado na yi. Baba ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, cikin Kaduna, yana cikin samarin da kiɗan sol na baƙaƙen fatar Amurka ya shiga ransu, musamman bayan zuwan James Brown Najeriya a ƙarshen 1970. Da ya rasu aka bar mini kwalin faya-fayansa, na taho da guda arba'in da 'yan kai nan Ingila. Akwai James Brown ɗin, da Otis Redding, da Wilson Pickett, da Aretha Franklin. A zatona dukiya na ɗauko. Mai shagon da na fara kai wa ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ce mini cikin ladabi ba za su wuce fam biyu-biyu ko uku-uku ba. An buga irinsu bila adadin, ga shi ƙurar hunturu da allura mai nauyi sun riga sun cinye su.

A nan na fara gane cewa a wannan kasuwar faifan da ya yi kwantai shi ne mai tsada. Tun ƙarshen shekarun 1960 matasan arewacin Ingila, 'ya'yan ma'aikatan masana'antu, suke kwana suna rawa a wurare irin su Twisted Wheel na nan Manchester, daga baya kuma Wigan Casino, wanda ya yi tashe daga 1973 zuwa 1981. Su ba ruwansu da waƙar da kowa ya sani. Abin da suke nema shi ne kiɗa mai sauri daga ƙananan kamfanonin Detroit da Chicago, wanda aka buga 'yan ɗaruruwa, bai sayu ba, aka watsar a sito. Shi ake kira Northern Soul. Har takarda masu sa faifai kan liƙa a kan sunan mawaƙi, su rubuta na ƙarya, don kada abokin hamayya ya gano ya nemo nasa. Faifan Frank Wilson na 1965, wanda kamfanin faya-fayai na Motown ya buga na gwaji bai fitar kasuwa ba, an sayar da kwafi ɗaya a gwanjo kan fam 25,742 a 2009. Na kamfanin Shrine na birnin Washington kuwa, da kyar ake ganinsu, don kayan kamfanin sun ƙone a tarzomar 1968. Irin waɗannan labaran ne suka cika mini kai har shekara uku, ina sayen na fam goma, na fam ashirin, ina mafarkin ranar da zan yi babban kamu.

Ranar nan sai ga shi a teburin wani mutum mai fara'a da iya magana. Faifan wani ƙaramin kamfani ne na Detroit, na 1966, wanda na san bugun farkonsa yakan haura fam dubu. Ya ce daga hannun matar wani mamaci ya sayi kwalin gaba ɗaya, shi ya sa zai iya yin sauƙi. Ya ɗora mini a ɗan garmahonsa, ya sa mini abin ji a kunne. Da ganga ta buga, ƙaho ya shigo, wallahi tsikar jikina ta tashi. Na duba takardar tsakiya: suna daidai, launi daidai, adireshin kamfani daidai. Rubutun ya ɗan dushe, na ce tsufa ne. Sai ya ce akwai wanda ya taya, ya je ciro kuɗi, yanzu zai dawo. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ruga na'urar cirar kuɗi, na dawo ina haki, ko rasit ban nema ba.

Bayan mako biyu na kai shi wurin da wasu dattawa masu tara faifai ke haɗuwa ran Lahadi, a ɗakin shan shayi na bayan wani shago. Da alfahari na fito da shi. Na farkon da ya karɓa tsohon direban bas ne, ya yi rawa a Wigan yana ɗan shekara sha bakwai. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya riƙe faifan ta gefe, ya karkata shi wajen taga, yana duban wannan fili mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda. Ya ciro ɗan gilashi mai ƙara girman rubutu, ya sunkuya a kai. Sannan ya ƙwanƙwasa bakin faifan da farce, ya yi wata ƙara ƙas-ƙas, kamar ta busasshiyar roba.

Ya ce, "Ɗana, nawa ka biya?"

Na faɗa masa. Ya ajiye gilashin, ya yi shiru, ya miƙa wa na kusa da shi.

Ga abin da suka nuna mini. Yawancin masana'antun da ke buga faifai suna barin alamarsu a wannan filin. Bugun farko na wannan waƙa a Detroit aka yi shi, yana ɗauke da hatimin ARCHER, ɗan mitsitsi, na masana'antar da ta buga wa ƙananan kamfanonin garin da yawa. Nawa ba shi da shi. Abin da ke jikinsa alama ce mai kusurwa uku da lamba a gabanta, wato na masana'antar Monarch ta Los Angeles, kuma lambobinta a jere suke tafiya shekara bayan shekara. Na 1966 suna cikin dubu sittin da wani abu. Tawa ta haura dubu casa'in, wanda ke nufin shekarun 1970, lokacin da ake ta buga kwafin sata ana turowa Ingila saboda 'yan rawa sun matsa. Robar ma ba iri ɗaya ba ce. Tawa mai sauƙi ce, mai gautsi, takardarta da gam aka manna a sama, har kana jin bakinta da yatsa. Dushewar rubutun da na ɗauka tsufa ne, hoton takardar asali aka ɗauka aka sake bugawa. Duk wannan duban bai ɗauke su minti ɗaya ba. Minti ɗaya kawai, da fitilar wayar da ke aljihuna a ranar.

Daga nan gardama ta kaure a tsakaninsu, kamar ba na wurin. Ɗayan, dillali ne na shekara da shekaru, ya ce fam sha biyar ma an yi masa alheri, jabu jabu ne, kuma wuraren rawa na gaske ba sa yarda a ɗora komai sai bugun asali. Direban ya ƙi. Ya ce irin wannan kwafin shi ya iya saya da albashinsa a 1975, da shi ya koyi waƙar, yanzu kwafin ma ya kai shekara hamsin, ta yaya za a ce ba shi da tarihi? Suka zarce kan ko ƙaranci ne ke sa tsada. Dillalin ya ce a'a, yana da faifan da bai taɓa ganin na biyunsa ba, amma ba mai taya shi fam talatin, don ba a iya taka rawa da shi. Wani kuwa kwafinsa ɗaruruwa ne a hannun mutane, ana rububinsa da dubbai. Direban ya ce duk da haka a bari a tsinci kwali ɗaya cike da shi a wani sito a Amurka, a ga yadda farashin zai zube cikin wata guda, an sha gani. Ni a ganina dillalin ya fi gaskiya a kan farashi, amma direban ne kaɗai ya tuna akwai mutum zaune a gabansu da ya yi asara. Shi ya sake zuba mini shayi.

Na koma kasuwar wata mai zuwa, wani ne daban a teburin. Masu shirya taron suka ce ba su da abin da za su iya yi a kan cinikin hannu da hannu. Na kira babbar yayata a Kaduna, na ce, "Yaya, bana ba zan samu zuwa Sallah ba." Ta ce, "Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, kuɗi ne suka shige wani wuri. Ta ce Allah Ya mayar da alheri, ba ta ƙara tambaya ba, kuma wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ta yi faɗa.

In za ka sayi faifan da ya wuce kuɗin cefanen mako, don Allah ka manta da takardar tsakiya tukuna, ita ce mafi sauƙin kwaikwayo. Juya shi wajen haske, ka karanta abin da ke cikin filin nan, ka buɗe Discogs, shafin intanet mai bayanan bugun faya-fayai, ka kwatanta harafi da harafi, ka leƙa Popsike, shafin da ke ajiye farashin gwanjon faifai, ka ga nawa aka sayar da shi a baya. In ta intanet ne, ka ce a turo maka hoton wurin, gaba da baya. Ka biya ta hanyar da za ta bar shaida. Duk wanda ya ce maka wani ya tafi ciro kuɗi, ka ce masa ya jira shi. Ni duk na san waɗannan tun kafin ranar, na karanta su ba sau ɗaya ba.

A watan jiya na ga wani faifan Detroit da nake nema tun tuni, fam 200. Na ciro gilashina, na haska fitila. Hatimin ARCHER yana nan, ɓaro-ɓaro. Na duba sau uku, na kwatanta da wayata, komai ya yi daidai. Amma hannuna ya ƙi shiga aljihu. Na ce wa mai shi bari in zaga in dawo. Da na dawo bayan kwata ɗin awa, wata mata tana sa shi a jakarta.