Da hannuna na kashe kyamarar wayata a kan babur

Ni dai abin da ya dame ni tun farko rawar da wayar ke yi ne, ina tuƙi ina son in duba taswira sai in ga rubutun yana ta karkarwa, sai na tsaya kafin in gane inda zan karya kwana. Mariƙin wayar da na fara saya irin mai dogon wuya ɗin nan ne da ake ɗaura wa a gindin madubi, ko ɗan rami na faɗa sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. Sai na ce to ai maganin rawa ɗauri, na cire shi na samo na ƙarfe zalla mai gajeren wuya, na ɗauko sifana na ɗaure shi tam a jikin hannun babur har sai da noti ya ƙi juyawa. Rawa ta tsaya cak. Na yi ta jin daɗi, ashe ramin mugunta na gina wa kaina.

Bai fi wata biyu ba, wata rana na ɗaga wayar zan ɗauki hoton wata takarda sai na ga hoton yana kaɗawa kamar ana kallon abu ta cikin ruwa, ya yi dishi-dishi ya dawo ya sake tafiya, ga wani ɗan ƙara zzzz yana fitowa daga wajen kyamarar, in ka kara a kunne kamar an rufe ƙuda a kwalba. Na kashe na kunna, na goge gilashin da bakin riga, na cire manhajar kaza na sake sawa, duk a banza. Ta gaba lafiyarta ƙalau, ta bayan ce kawai ta haukace.

Mai gyaran da na kai wa ko buɗewa bai yi ba, ya kunna kyamarar ya saurara ya ɗago kai ya ce, "Malam, babur kake hawa ko?" Na ce eh. Ya ce, "A hannu kake maƙala ta?" Na ce eh, amma fa a ɗaure take gam ko motsi ba ta yi. Sai ya yi dariya ya ce, "To ai shi ne, maigida. Da tana motsi da ta fi haka daɗewa."

Shi ya fara min bayanin, sauran na bi diddigi da kaina. Kyamarar baya ta wayoyi da yawa na yanzu ba a kafe take ba, gilashin cikinta ko kuma na'urar ɗaukar hasken a rataye take a kan wasu sifirin sirara kamar gashi, ga maganaɗisu ƙanana da ke tura ta nan da can domin ta rama rawar hannunka lokacin ɗaukar hoto, shi ne ake ce wa OIS. An yi shi ne don rawar hannun ɗan Adam, wadda a hankali take. Injin babur kuwa wata duniya ce daban, in yana juyi 6,000 a minti ɗaya to sau 100 ke nan a daƙiƙa ɗaya, fistin yana hawa yana sauka, kuma mai silinda ɗaya ya fi kowa jijjiga tunda ba shi da ɗan'uwan da zai danne masa. Wannan tsumar, ido ba ya ganinta, tafin hannu ne ke jinta, ita ce ke sa yatsu su yi sanyi su mutu in ka yi doguwar tafiya. To ni da na ɗaure ƙarfe a kan ƙarfe sai na shimfiɗa mata titi sumul daga inji har cikin kyamara. Kamfanin Apple ma ya fitar da sanarwa a watan Satumba na 2021 cewa kada a ɗaura iPhone a kan manyan babura masu ƙarfin inji domin girgizar na lalata OIS da tsarin saita hoto, ya ce ko a kan ƙanana irin sikuta da masu lantarki a yi amfani da mariƙi mai rage girgiza, kuma kada a mai da shi abin kullum na dogon lokaci. Tawa ba tasu ba ce amma ciwon iri ɗaya ne, duk wayar da ke da wannan rataye a ciki tana cikin layi.

Aka canza min kyamara, na dawo gida da niyyar sai na gano bakin zaren.

Abin da na fara yi, kuma shi ya fi komai buɗe min ido, na kafe babur a kan jak na tayar, na zuba ruwa a murfin gora na ɗora a kan mariƙin ina tallafe da shi da yatsa. A silo ruwan yana ɗan lilo ne kawai, ina murɗa totur a hankali sai ya fara yin ƙananan zobba, da na kai wani waje can tsakiya sai fuskar ruwan ta yi ƙurji-ƙurji har yana fallatsa, na ƙara wuta kaɗan sai ya lafa. Wato akwai wani juyi na musamman da hannun babur ɗin ke amsawa, kuma abin haushin daidai gudun da na fi zama a kai ke nan in na hau kwalta. Daga nan na bi hannun da ɗan yatsa tun daga tsakiya har ƙarshe, kusa da inda aka ɗaure shi a tsakiya tsumar kaɗan ce, kana matsawa waje tana ƙaruwa, sandar madubi kuwa kamar ta yi magana. Ni kuma can waje na ɗaura nawa don ya yi kusa da babban yatsa.

Sai na dawo da shi tsakiya, dab da inda aka damƙe hannun. Wannan kaɗai ya rage abin sosai, kyauta.

Sai maganar roba, nan ne na ɓata lokaci. Na yanko tsohon tiyub na naɗa sau uku a hannun kafin in ɗora mariƙin, na ɗaure tam. Gwajin murfin gora ya nuna kusan babu abin da ya canza. Dalili kuwa robar da ka matse har ta daina numfashi ta zama kamar katako, amfaninta kawai ta hana zamewa da kuma kare fenti. Na sassauta, sai mariƙin ya fara juyawa yana kallon ƙasa. Na gwada soso a bayan wayar, shi ma faratan ƙarfen da ke riƙe da gefenta suna nan suna isar da saƙo, ka toshe ƙofa ka bar taga a buɗe ke nan. Sai da na ga yadda aka yi na kamfani sannan na fahimta, irin wanda kamfanonin Quad Lock da SP Connect ke yi, faranti biyu ne da ba sa taɓa juna, ɗaya a jikin babur ɗaya a jikin waya, tsakaninsu 'yan robobi masu laushi, babu wani noti da ya ratsa daga wannan zuwa wancan. Na samo mai irin wannan ginin na saka.

Ranar farko raina bai so ba wallahi, domin wayar ta dawo tana ɗan lilo, ka taɓa ta da yatsa sai ta yi gefe ta dawo, ainihin abin da na gudu tun farko. Amma da na ɗora murfin ruwa na murɗa totur zuwa wajen nan da yake fallatsa, sai zobba 'yan kaɗan kawai. Lilon da ido ke gani a hankali yake, kyamara na iya da shi, tsumar da ba a gani ita ce robar ta shanye. Sai dai kada laushin ya yi yawa, wani abokina ya haɗa nasa da roba mai taushi ainun, a kan gargada wayar har dukan mita take yi.

Na kuma leƙa babur ɗin kansa, don wani lokacin muna ta fama da mariƙi alhali uwar matsalar tana ƙasa. Bakanike ya samu noti ɗaya na ɗaurin inji ya kwance, sarƙa ta saki, sannan ƙarfen nan mai nauyi da ke toshe ƙarshen hannu na gefen hagu ya faɗi tun tuni ban mayar ba don na ɗauka ado ne. Ashe nauyinsa ne ke danne rawar hannun. Ya ce min, "Oga, wannan ba kwalliya ba ce fa." Aka mayar, yatsuna ma suka huta.

Wani abu da ban yi tsammani ba shi ne ramin caji. Igiyar tana lilo a iska tana girgiza kan cajar a cikin ramin, a hankali ya fara sakin caji sai na danna. Yanzu ina ɗaure igiyar a jikin mariƙin in bar mata ɗan lanƙwasa, ba a jikin hannun babur kai tsaye ba, don in ka ja ta ta miƙe ita ma hanya ce da tsuma za ta bi. Notocin mariƙin kuma na ɗiga musu gam ɗin noti mai launin shuɗi, wanda ke kwancewa da sifana in an so, kuma duk da haka nakan taɓa su kafin doguwar tafiya. Robobin ma suna tsufa, rana na busar da su, na farko da na saka sun fara tsagewa sai da na canza.

Duk da wannan ban ƙara yarda in ɗora babbar wayata awa da awanni ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na tono wata tsohuwa a durowa wadda kyamararta ba ta da komai a rataye, na sauke mata taswira ta yadda ko babu data za ta yi aiki, ita ke zama a kan mariƙin tana shan rana da ƙura. Sabuwar tana aljihun riga na ciki, in tafiyar gajeruwa ce kuma na manta tsohuwar a caji to nakan ɗora ta, ina isa in cire in kunna kyamara in kara a kunne tukuna.