Abin da na koya daga wasan tiatr na mutanen Goa

A kos ɗinmu na wasan kwaikwayo ne na fara cin karo da tiatr, wato wasan dandamali na Kiristocin Goa a yammacin Indiya, da yaren Konkani suke yinsa. Abin mamaki ba ma a Goa aka fara shi ba, a birnin Bombay (Mumbai ta yanzu) ne a 1892, 'yan ci-ranin Goa suka kafa shi, Lucasinho Ribeiro na kan gaba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne J. P. Souzalin, marubuci kuma mai shirya wasannin tiatr, mutumin yankin Aldona a Goa da ya rasu a 1970. Shi wasannin addini ya shahara da su, tarihin waliyyansu na Katolika da makamantansu, yana nunawa a Princess Theatre da ke Bhangwadi a Bombay. To ka san yadda wasan addini yake zama in aka yi sakaci, mutum ya fito ya tsaya ƙiƙam yana zuba nasiha har 'yan kallo su fara hamma. Shi kam bai yarda don labari na addini ne a yi masa aikin ganin dama ba, ado da tsarin dandamali sai sun fita tsaf, kuma mutane kuɗinsu suke biya su shiga fa, ba kyauta ba.

Sai tsarin wasan kansa, nan ne na fi ƙaruwa gaskiya. Ana raba labarin kashi shida ko bakwai, duk kashin da ya ƙare sai a saki labule mawaƙa su fito gabansa su yi waƙoƙin da suke kira kantaram, galibi ma ba ruwansu da labarin, siyasa ce ko zaman aure ko tsadar rayuwa, makaɗa na ƙasa da su taramfet da ganguna, a bayan labulen kuwa ma'aikata na ta kiciniyar canza kayan dandamali. Kenan ba minti ɗaya da ɗan kallo zai zauna haka kawai yana jira. Makaɗan nan da yawansu a makarantun coci suka koyi karanta kiɗa a rubuce tun zamanin Turawan Fotugal, waɗanda sai 1961 suka bar Goa, shi ya sa hannunsu ya faɗa sosai.

Yanzu in zan rubuta wasa, tun kafin in gama maganganun 'yan wasa nake zama in lissafa me zai faru a duk inda za a canza fitowa, wa zai riƙe mutane, minti nawa. Har yau in lokacin azumin Kirista ya zo kafin Ista, masu tiatr a Goa wasannin addini suke komawa yi.