Na tsira daga zafin Sakkwato, zafin Ingila ya kashe mini itaciya

Har yau in na bi ta gindin bangon nan sai raina ya sosu. Fam 48 na biya, kuma da hannuna na kashe ta.

Gidan da muke haya a Nottingham yana da ɗan fili ta baya, taku shida ka ƙure shi. Babu wurin babbar bishiya, shi ya sa a watan Afrilun 2022 na sayo wadar itaciyar nan ta Koriya da Turawa ke ce wa fir, masana kuma Abies koreana, irin da ake kira Kohout's Icebreaker. Ganyenta gajeru ne kamar tsinke, suna lanƙwashewa sama har farin da ke ƙarƙashinsu ya fito, ka rantse gari aka barbaɗa mata. A shekara ko tsawon ɗan yatsa ba ta ƙarawa. A Jamus aka samo irin, kuma ba a shuka shi daga ƙwaya, sai dai a yi masa aure kamar mangwaro. Tsadar ke nan.

Na sa ta a baƙar tukunyar roba, na jingina da bangon jan bulo mai kallon kudu, inda rana ke wuni. A tunanina wace shuka ce za ta ƙi rana a ƙasar da sai an yi sa'a ake ganinta? Ban tsaya na tambayi asalinta ba. Ashe 'yar kan duwatsu ce, irin su Hallasan na tsibirin Jeju mai tsayin kusan mita 2,000, inda sanyi da hazo ba sa yankewa.

Sai ga 19 ga Yuli, ranar da zafi ya kai digiri 40.3 a garin Coningsby na Ingila, abin da Birtaniya ba ta taɓa gani ba. Maƙwabta na ta kuka, ni kuwa ina dariya ina cewa wannan ai Afrilun garinmu ne. Ban lura ba bulon ya zama tanda, baƙar robar kuma tana dafa saiwa. Da na taɓa tukunyar da yamma na ji zafi, sai na shiga ɗura mata ruwa safe da maraice, ga faranti a ƙarƙashi yana tare ruwan. Saiwar da ta ƙone ba ta iya sha, sai ta zauna cikin caɓi tana ruɓewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ta nuna ba. Tumatir in ya ji ƙishi, kafin azahar ya yi laushi ka gani. Ita kuwa mako uku tana nan shar, har ina yi wa uwargida alfahari. Da ɓangaren kudu ya fara ja, na ɗauko almakashi na datse rassan, wai za ta yi sabon toho kamar zogale ko dogon yaro. Fir ba ta tohowa daga tsohon reshe. Inda ka yanke, giɓin ya zauna ke nan.

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya leƙo ta kan shinge, ya ce in kankare ɓawon da farce. Babu kore ko ɗigo. Na zare ta daga tukunyar, saiwar baƙa ƙirin, tana wari. Ya ce ta daɗe da mutuwa, gawa nake ta shayarwa. Uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki.

A watan Oktoba na sake sayen wata, ban faɗa wa uwargida kuɗin ba. Wannan a ƙasa na dasa ta, ta gabas, inda take samun ranar safe, inuwar shinge ta rufe ta daga azahar. Na yi mata ɗan tudu don kada ruwa ya kwanta, na cakuɗa ƙasar da tsakuwa da takin ganye, na lulluɓe gindin da ɓawon itace ba tare da ya taɓa jikinta ba. Ruwan sama nake tara mata a duro, kuma ba na ba ta sai na cusa yatsa na ji ƙasar ta fara bushewa. In an ce za a yi zafi, tsohon zanin gado nake ɗaura mata ya yi rumfa, ko da maƙwabta za su yi ta kallo.

Baƙar tukunyar tana nan a gindin bangon. Tarugu na zuba a ciki, kuma bara har kyauta muka yi da shi.