Ranar da na kashe mutum da bakina

Shekara ta biyu ke nan da na fara aiko wa wani gidan rediyo na Arewa rahoto daga Legas, sai wata ranar Talata faɗa ya kaure a gefen wata kasuwar kayan gwari. Kafin in isa, ƙura ta lafa. Na tarar da kwandunan tumatir a kife, takalma warwatse a kan titi, ga jini a jikin wani baro. Wani ɗan acaba ya ja ni gefe ya ce an kashe ɗan dako guda, har ya faɗi garinsu da laƙabinsa. Mutum biyu suka maimaita min haka. Saura minti 20 a fara labaran yamma, na kira ofis na karanta.

Washegari wani dattijo dillalin tattasai ya aika a kira ni. Ya ba ni benci, ya sa aka kawo shayi, sannan ya ce, "Malam, kai ka ga gawar?" Na ce, "Ban gani ba, Alhaji, an dai faɗa min." Ya yafito wani saurayi da ke zaune bayan buhuna, kansa naɗe da bandeji, yana shan koko. "To ga mamacinka." Ashe a ƙauyensu har an shimfiɗa tabarmi, mahaifiyarsa ta kwana tana kuka, don wayarsa ta ɓace cikin turmutsitsin.

Idan ana zancen gaskiya a aikin jarida, hankalin kowa yakan tafi kan ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota. Wannan cuta ce, ban musa ba. Amma ni ba wanda ya ba ni ko sisi. Gaggawa ce ta kayar da ni, da kuma wani abu da ya fi ta wuyar faɗa: labarin ya yi daidai da abin da zuciyata ta riga ta yarda da shi, cewa ɗan'uwana baƙo ne a nan, kuma shi ake zalunta. Da an ce min Bahaushe ne ya yi kisan, na tabbata sai na nemi asibiti da ofishin 'yan sanda kafin in buɗe baki. Mutum ukun nan kuwa, da na bi diddigi, duk bakin mutum ɗaya suka ji.

Alhaji ya tuna min abin da na sani amma na manta. A watan Yulin 1999 rikicin Hausawa da Yarabawa na Shagamu, a jihar Ogun, bai tsaya a Shagamu ba, cikin 'yan kwanaki aka yi ramuwar gayya a Kano. Ya kawo rikicin unguwar Idi-Araba ta Legas a 2002, ya kawo na kasuwar Mile 12 a 2016 da har gwamnati ta rufe kasuwar. Ya ce, "Abin da ka faɗa a nan da yamma, kafin isha ya isa Sabon Gari. Can ma akwai 'ya'yan mutane." Jikina ya yi sanyi, don ban taɓa kawo Bayaraben da ke sayar da kaya a Kano cikin lissafina ba.

Na nemi a karanta gyara. An ɗan ja min rai a ofis, wai zai zubar mana da mutunci, daga baya aka amince, aka sa shi a ƙarshen labarai cikin jimla biyu. Ƙaryar kuwa ita ta buɗe labaran jiya. Har yau wannan na damuna, kuma tun daga lokacin nake roƙon a sa gyara a inda aka sa kuskuren.

Kusan wata shida 'yan kasuwar nan suna amsa min sallama, su ba ni wuri, amma in na kunna rikoda sai hira ta koma kan tsadar man fetur. A Agege ma wani mai shayi ya taɓa tambayata cikin mutane, ba da wasa ba, "Wannan ka gani ne, ko an ce?"

A ranar da Alhaji ya nuna min saurayin na karɓi lambar yayansa, na kira, aka kai wa mahaifiyarsa wayar. Na gabatar da kaina, na ce, "Baba, ni ne na faɗa a rediyo, ki yafe min." Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "Ba shi wayar in ji muryarsa."