Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rariya Ba Ta Ƙarya

Makon jiya na tsaya a inda aka damƙa mini makullin ɗakin na'ura, na kuma yi alkawarin yau zan shiga zancen aurena. A yi mini afuwa, sai wani makon. Tun ranar Juma'a da na ratsa ta layin 'yan hatsi na ji warin fiya-fiya yana tashi daga buhunan wake, maganar Inna ke ta yi mini yawo a ka, Allah Ya jiƙanta. Ita idan ta tauna tsaki a tuwo ba ta ganin laifin rariya, sai ta dubi wadda ta yi aikin ta ce, "Rariya ba ta ƙarya, mai tankaɗe ka gaugawa." Duk shekarun da na yi a gaban na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin magani ko abinci ta auna yawansu, ban sami bayanin aikin da ya fi wannan ba.

Rariyarmu ita ce kwalam. Ɗan bututun ƙarfe ne da bai kai kamu ɗaya ba, tsawonsa santimita 15 ko 25, faɗin cikinsa milimita 4.6, an danƙare shi da garin silika mai laushin da ƙwayarsa ɗaya ba ta wuce maikiromita 5 ba. Famfo ke tura ruwan kora, wato ruwan da ke jan abin da ake aunawa, ta cikinsa, yawanci mililita ɗaya a minti ɗaya, a ɗura samfurin a gaba, idon na'ura, wanda ke auna hasken da kowane sinadari ya sha, yana jira a baya. Sai dai wannan rariya ba da girma take rarrabewa ba, da hali take yi. Abin da ya saba da garin da ke zaune a ciki sai ya yi ta tsaye-tsaye a hanya, wanda ya fi son ruwa ya riga kowa fita. Kowanne idan ya fito sai na'ura ta zana masa tudu a kan allo. Lokacin fitowarsa ke faɗin ko wane ne, faɗin tudun ke faɗin yawansa. Wani masanin tsirrai na ƙasar Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya fara wannan dabara, ya wallafa ta a 1906. Garin alli ya zuba a bututun gilashi, ya tsiyaya ruwan ganye a kai, sai kore da rawaya suka rabu layi-layi.

Kwalam ɗin da aka fi aiki da shi shi ne C18, wanda kundin magunguna na Amurka ke kira L1. An ɗaura wa fuskar silikar wasu zarurruka masu kabon 18, sai ta zama kamar an shafe ta da mai. Duk abin da ke ƙin ruwa zai lafe a jikinta. C8 ƙaninsa ne, zarensa gajere, riƙonsa bai kai na C18 ba, yana da amfani idan magani ya cika daɗewa a ciki. Akwai na fenil, akwai na sayano, akwai kuma silika tsurarta da ake riƙe masu son ruwa da ita. Kowanne da abincinsa.

Ga inda yaran yanzu ke tuntuɓe. Komai ƙwarewar kamfani, ba ya iya rufe fuskar silika gaba ɗaya da zaren nan. Kusan rabin ƙugiyoyin da ake kira silanol suna nan a buɗe. Da ruwan kora ya rage tsami, ma'aunin tsami da ake kira pH ya haura 4 ko 5, sai su ɗauki caji su riƙa cafke magungunan da ke da sinadarin amin a jikinsu, irin su kulorokwin, kwinin, amodiyakwin da sifurofuloksasin. Maimakon tudu mai tsini sai ka ga ya fito da jela tana jan ƙasa, lissafin yawa ya ɓaci. Maganinsa uku ne: a sayi kwalam na tatacciyar silika wanda aka toshe ragowar ƙugiyoyinsa, a saukar da pH zuwa 3, a kuma ɗiga sinadarin tirayetilamin ya riga maganin zama a kan ƙugiyoyin. Shi ya sa hanyar auna sifurofuloksasin ta tanadi ruwan asid na fosfet mai pH 3.0 kashi 87, sinadarin asitonaitiral kashi 13, a karanta da haske mai tsawon zango nanomita 278. Ba ado ba ne, kowace lamba da aikinta. Kada kuma a zarce, ƙasa da pH 2 zaren C18 ke tsinkewa, sama da 8 silikar ce da kanta ke narkewa, sai rami ya buɗe a bakin kwalam, tudu ɗaya ya riƙa fitowa da kai biyu.

Maganin zazzaɓin cizon sauro mai haɗin atemeta da lumefantirin ya fi wahalar da mai awo. A ƙwaya ɗaya atemeta miligiram 20 ce, lumefantirin 120, ga shi atemeta ba ta shan haske sosai, sai an sauko kusa da nanomita 210 ake ganinta. A wannan wurin metanol da kansa yana shan haske, don haka asitonaitiral ake sawa komai tsadarsa. Wanda ya yi tsimi ya sa metanol, layin ƙasa da tuddai ke tashi a kansa zai yi ta rawa, ɗan tudun atemeta ya nutse a ciki, a yanke wa magani mai kyau hukuncin jabu.

Kafin a yarda da kowace lamba, ƙwaya 20 ake aunawa a niƙe su wuri ɗaya, a narkar, a tace da matata mai ramin maikiromita 0.45. A ɗura ruwan ma'auni, wato wanda aka san adadin maganin da ke cikinsa, sau biyar a jere. Idan bambancinsu ya wuce kashi 2 cikin ɗari, ko ma'aunin jelar tudu ya wuce 2, ba a fara aiki ba tukuna. Wannan shi ne tankaɗen da Inna ke nufi, kuma nan ne gaggawa ke shigowa.

Sakkwato kuwa tana da nata sharaɗin da littafin kamfani bai rubuta ba. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, kuma duk digiri ɗaya da kwalam ya ƙara, lokacin fitowa na raguwa da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Tudun da ya fito a minti na takwas da hantsi, da azahar ya matso gaba. Dole a sa kwalam a cikin akwatinsa na daidaita zafi, a tsayar da shi wuri ɗaya. Kwalbar ruwan kora a rufe ta, don asitonaitiral na tashi ya bar ruwa, tuddai su riƙa jinkiri. Ruwan fosfet ba ya kwana biyu a zafin nan sai ya yi yauƙi, kullum sabo ake haɗawa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ita ke toshe matatar bakin kwalam har matsin famfo ya yi ta hawa. Ɗan guntun kwalam na gadi da ake ɗaurawa a gaba shi ke shanye wannan, kuɗinsa kuwa bai kai komai ba a kan na babban. Mafi muni a ɗauke wuta da gishirin fosfet a ciki, washegari wani ya zo ya kora da asitonaitiral zalla. Nan take gishirin ke daskarewa, kwalam ya mutu. Da ruwa kashi 90 da asitonaitiral kashi 10 ake fara wankewa na rabin awa, sannan a hau sama a hankali, a ajiye shi cikin asitonaitiral ko metanol, a toshe bakunansa biyu.

Yanzu bari in zo ga abin da ya hana ni barci. Wata shekara, tun kafin a haifi autarmu, aka kawo ruwa daga wata fadamar noman rani ana son a duba gilaifoset, maganin ciyawar nan da manoma ke feshi da shi kafin shuka. Wanda ke sama da ni a lokacin, ba zan ambace shi ba, ya sa aka ɗura shi a C18 kai tsaye, aka rubuta "ba a gani ba", ya sa hannu. Gilaifoset ɗan ruwa ne na ƙarshe, C18 ba ya riƙe shi ko na daƙiƙa, tare da ruwan farko yake ficewa, kuma ba ya shan hasken da idon na'ura ke gani. Ko cokali guda ka zuba, "ba a gani ba" za ta fito. Sai an fara haɗa shi da sinadarin FMOC a cikin ruwan boret ya sami jikin da kwalam zai kama, ko a nemo kwalam na masu caji. Haka farakwat, wani maganin ciyawar, shi ma sai da kwalam na masu son ruwa ko a sa masa sinadari mai kishiyar caji ya manne masa. Na faɗa, aka ce ina da tsaurin ido. Rariyar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta ta amsa. Mutanen da ke shan ruwan nan fa an gaya musu babu, alhali "ba a gani ba" daban, "babu" daban. Har yau ban huce ba.

Abin da ya dawo mini da shi ke nan a layin 'yan hatsi. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda daikulobos, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya. Waken da suka mayar, irinsa muke dafawa. Auna shi kuwa tun daga tatso maganin daga samfuri ake cin nasara ko a faɗi. Hanyar da Anastassiades da Lehotay suka fitar a 2003 ita ce ta sauƙaƙa aikin: giram 10 na niƙaƙƙen samfuri, mililita 10 na asitonaitiral, a girgiza, a zuba giram 4 na magnisiyam salfet da giram ɗaya na gishiri, a juya a injin wurwurawa har ruwa ya rabu biyu. Amma wake busasshe ne, giram 5 ake ɗauka a jiƙa da mililita 10 na ruwa tukuna, in ba haka ba asitonaitiral ba zai ratsa shi ba, a sami sakamako ƙasa da gaskiya. Daga ruwan saman, kowace mililita ɗaya a tsabtace ta da miligiram 150 na magnisiyam salfet da miligiram 25 na garin PSA, wanda ke kwashe sukari da asid. Mai maiƙo a ƙara masa garin C18. Ganye irin alayyafo ana sa masa baƙin garin kabon ya ɗauke kore, amma da taka-tsantsan, don yana haɗawa da wasu magungunan ya tafi da su. Daikulobos kuma mai tashi ne, wanda ya busar da ruwan ƙaf don ya tattara shi, ya kore shi da hannunsa. Da idon haske ba a kaiwa ga 0.01, sai na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari, ko ta iskar gas.

Albasarmu ta Goronyo da Wurno ita ma da nata hali. Sinadaran farar wuta da ke sa ido hawaye suna fitowa tare da maganin ƙwari, su danne shi ko su yi kama da shi. Don haka ruwan ma'auni a cikin ruwan albasar da aka tabbatar ba feshi a jikinta ake haɗa shi, ba a asitonaitiral zalla ba. A kuma ɗauki samfuri mai tsabta a zuba masa sanannen adadi da gangan, a bi da shi duk matakan. Idan abin da ya dawo bai faɗa tsakanin kashi 70 da 120 cikin ɗari ba, ranar ba a rubuta wa kowa sakamako.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma kan zancen da Baffa ya kai gidan su uwargida, da yadda aka yi da kuɗin gaisuwa.