Sammaci ba gayyata ba ne, ba kuma hukunci ba ne

Ban fi wata biyu da fara aiki a ɗakin labarai ba na rubuta cewa kotu ta gayyaci wani mutum ya zo ya ba da shaida. Editanmu, dattijo mai yawan haƙuri, ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan da aka gayyata, in ya ga dama zai iya ƙin zuwa?" Na ce a'a. Ya ce, "To sammaci aka yi masa."

Tun daga ranar nake auna kalmar da wannan tambaya. Gayyata tana barin mutum da zaɓi, ko ya je ko ya ba da uzuri. Sammaci kuwa umarni ne daga hukumar da doka ta ba ikon kira. Takarda ce mai ɗauke da sunan kotu, da sunan wanda ake nema, da rana da lokaci da wurin da zai bayyana, da sa hannun alƙali ko jami'in da aka ba izini. Ma'aikacin kotu ne ke kai wa mutum hannu da hannu. In an neme shi an rasa, kotu na iya yarda a liƙa a ƙofar gidansa. Wanda ya karɓa ya yi biris ba tare da dalili ba, alƙali na iya ba da umarnin a kamo shi. Shi ya sa muke cewa "an yi masa sammaci", "an aike masa da sammaci", shi kuma "ya amsa sammaci".

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin na gane shi ne nauyin kalmar a kunnen jama'a. Da yawa in suka ji an yi wa wane sammaci, a zuciyarsu shari'a ta ƙare, ya yi laifi. Alhali wanda aka kai ƙara ana yi masa sammaci ne domin a ji ta bakinsa kafin a yanke komai, shaida kuma ana kiransa ne don abin da ya gani, ba a tuhumarsa da komai. Na taɓa sa kalmar a kanun labari ban fayyace cewa mutumin shaida ne ba. Ɗansa ya kira ofis, muryarsa na rawa, ya ce maƙwabta sun fara zuwa yi musu jaje. Mun gyara washegari, amma abin ya daɗe yana damuna, domin gyara ba ya kai wa duk inda labarin farko ya kai.

Akwai kuma inda muke aron kalmar. In ƙasa ta fusata da wata, sai a ce ma'aikatar harkokin waje ta yi wa jakadan waccan ƙasar sammaci. Jakada yana da kariya ƙarƙashin Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe, ba mai kama shi. Kira ne na nuna ɓacin rai, kuma ni na fi son rubuta "ta kira jakadan domin neman bayani".

Yanzu duk labarin da kalmar ta shigo, ba na miƙa shi sai na rubuta wanda ya yi sammacin, da matsayin wanda aka yi wa, da ranar da ake jiransa.